Mabuɗin Naga da Kwana Dubun Bapak

Kai da ka buɗe wannan gwangwanin biskit, ko jikana ne ko surukata, kada ka karanta wasiƙa biyu ka rufe, ka tafi kana cewa ka gane mai laifi. In ba ka da lokacin karanta su duka, mayar da murfin. Nawa na kwafo su ne daga littafin da nake fara rubutu a ciki kafin in juya a takarda mai kyau. Na ɗana Wiyono kuwa ga su da hannunsa. Ban gyara komai ba, har wuraren da ban fito da kyau ba.

Sumirah, matar marigayi Marsudi

Karangnongko, Pacitan
14 ga Yuli, 2003

Zuwa ga ɗana Wiyono, a Surabaya.

Assalamu alaikum. Le, yarona, ina fata kana lafiya, kai da matarka Rukmini. Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da ba ta shiri da tudun masallaci. Ruwa ya ɗauke tun watan jiya, rijiyar baya ta ja ƙasa, amma rogo ya yi kyau.

Kwana dubun rasuwar Bapak, ubanka, ya matso. Ba sai na faɗa wa ɗan Marsudi ranar ubansa ba. Na sayi akuya, na ware kaji shida, na samu tantabaru biyu da za a saki. Yayan ubanka, Pakde Tukiran, ya sa an sassaƙo dutsen kabarin, yana nan jingine a bayan ɗakin girki, na lulluɓe shi da tabarma. An yi magana da magini. Ka san yadda gidanmu ke yi, ba a ɗora dutse sai ɗan fari ya fara sa hannu a kai. Haka Pakde ya yi wa kakanka. Ni kai kaɗai na haifa, ba ni da wanda zan aika a madadinka.

Direban motar kasuwa ya ce ya ji a rediyo za a rufe Naga, jirgin nan na wurin wasanku da ke hawa da mutane sama ya juye da su. Na yi hamdala. Shekara ashirin da huɗu ubanka yana bin dogonsa da ƙafa kullum da asuba, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma, don 'ya'yan masu hali su biya, su yi ihu, su sauko su yi amai. Kai ma ka je ka gada. Na yi sakandare, na san duk abin da ya hau sama ƙasa za ta jawo shi, ban ga abin biya a ciki ba. In sun rufe, ka tattaro matarka ku dawo. Gona ba ta juya kowa ƙafa a sama.

Kada ka bar sallar asuba saboda ƙarfe.

Ibunka

Surabaya
23 ga Yuli, 2003

Zuwa ga Ibu.

Wa'alaikumus salam. Ina sumbatar hannun Ibu mahaifiyata daga nesa. Muna lafiya. Rukmini na gaisuwa, ta ce a riƙa shafa wa gwiwar man da ta aiko, ba a ajiye shi a saman kabad don baƙi su gani ba.

Direba bai yi ƙarya ba. Wajen ƙarshen watan Agusta wurin wasanmu, Taman Ombak, zai rufe Naga. Ya shekara ashirin da tara, iskar teku ta ci ƙarfensa, kayan gyaransa ma an daina ƙerawa. Sabon ya riga ya iso daga ƙasar waje cikin manyan akwatuna, shuɗi ne, mutane za su rataya a ƙarƙashin dogo ƙafafunsu na lilo. Shi kwamfuta ce ke saurarensa. Pak Jumadi, abokin aikin Bapak, ya leƙa akwatunan ya ce mini: "Wannan ba ya bukatar kunne, Yono. Ko ka koyi danna maɓalli, ko ka nemi kurar sayar da taliya a bakin ƙofa."

Ranar ƙarshe za a yi biki. An buga a jarida, za a kawo 'yan badujala, waɗanda suka hau suna yara za su zo da nasu yaran. Ibu ta san ƙa'ida: mai zagayen safe ne ke rataye mabuɗin jirgi a wuya, ba ya miƙa shi sai ya bi dogo tun daga tasha har ya dawo, ya ji kowane noti da kunnensa. Ni zan yi zagayen ƙarshe, da gudumar Bapak. Har yanzu akwai alamun allinsa a ginshiƙai, ina bin su ina sabuntawa.

Kada Ibu ta damu da maganar dutse. Na zauna da kalandar ofis na ƙirga da kaina, sau biyu. Allah ya daidaita, ranar Bapak ta faɗo kwana ɗaya kafin rufewa. Na riga na karɓi hutu. Zan sa hannu a dutse, in kamo mota in dawo in sallami Naga.

Maganar gona, a bari sai na zo.

Ɗanki, Wiyono

Karangnongko
2 ga Agusta, 2003

Le, wasiƙarka ta iso, na ji daɗin jin kuna lafiya. Ka faɗa wa Rukmini ina shafa man, kuma ban tambaye ta inda zan ajiye kayana ba.

Na ji daɗi da ka ƙirga da kanka. Na karanta wa Pakde wurin, don ya daina cewa yaran birni ba su san ranar mutuwar iyayensu ba. Ya ci gaba da shan kofinsa.

Tunda ranar Litinin za su rufe abin nasu, sai ka iso ran Asabar kafin la'asar. Da magariba maƙwabta za su taru a yi tahlili, Lahadi da hantsi a tafi maƙabarta a ɗora dutse. Bayan azahar ka kama hanya, kana da sauran lokacin yin bankwana da ƙarfenka. Ka taho da farar riga, ba rigar aiki mai giris ba. A sayo mini sukari kilo biyar, na nan ya yi tsada.

Ibunka

Surabaya
8 ga Agusta, 2003

Ibu, ina gaisuwa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Mu lafiya, sai dai tun da na karanta wasiƙar Ibu jiya ban iya cin abinci ba.

Ba Litinin za a rufe ba. Lahadi ne, 24 ga wata. Ranar Bapak kuma a lissafina Asabar ce, 23. Takardar asibiti na hannuna, an rubuta Litinin, 27 ga Nuwamba, 2000. Na sake ƙirgawa, Rukmini ma ta ƙirga da ƙwayoyin masara, duk Asabar muke samu. Ina Ibu ta samo Lahadi?

Na je wurin manaja. Ya ce in ina so in tafi in tafi, zai ba wani sabon injiniya mabuɗin ran Lahadi. Ibu, mutumin kirki ne, yana da takardu fiye da nawa, amma don sabon jirgi aka ɗauke shi, bai taɓa hawa dogon Naga ba. Pak Jumadi kuwa gwiwoyinsa sun fi na Ibu lalacewa, rabonsa da tsani shekara biyu. Akwai wani wuri a kwana ta uku, inda jirgi ke gangarowa ya karkata wajen teku. Bapak ya yi masa alama biyu maimakon ɗaya. Idan aka buga shi da sanyin safe yana da muryarsa, wanda bai saba ba ba zai san ta canja ba. A ranar kuma jirgin zai yi zagaye fiye da yadda ya yi a kowace rana cikin shekara goma, kowane a cike.

Ina roƙon Ibu, a ɗora dutsen ran Asabar da safe. Akuya ba ta san rana ba, magini ma ba zai ƙi ba. Zan zo tun Juma'a.

A ba ni amsa da wuri. Na kira shagon tarho na bakin kasuwa sau biyu, suka ce Ibu ta ce ba ta maganar gida a inda masu sayen taba ke saurare.

Wiyono

Karangnongko
18 ga Agusta, 2003

Wiyono,

Ina lafiya. Ban tambayi taka ba, tunda mai iya gyara wa uwarsa lissafi yana da ƙarfi.

Wasiƙarka kwana shida ta yi a ofishin mai gari, ƙarƙashin tutocin bikin 'yancin kai, sai yau da safe magatakarda ya tuna da ita. Wannan zan ba direban motar kasuwa ya sa ta a bas, don ta same ka gobe.

Takardar asibiti! Wanda ya rubuta ta agogon bango ya duba. Ni ina zaune a bakin gadon. Ranar farko ta azumi ce. Aka kira magariba, na ɗiga masa ruwa da cokali ko da yake ba ya azumi, ya haɗiye, ya tambaye ni ko ka ci abinci. Na yi salla na dawo, sannan ya cika. Kai kana can kana rufe jirgi. Tun yaushe rana ke kaiwa tsakar dare a wurinmu? Rana ta faɗi, Litinin ta tafi. Ubanka ran Talata ya rasu, kwana dubunsa kuma Lahadi ce, ranar da kasuwarmu ta Pahing ke ci. Da wannan lissafin aka yi masa kwana bakwai, da arba'in, da ɗari. Duk ka zo ka ci shinkafa, ba ka taɓa tambayar yadda aka ƙirga ba.

Ka ce akuya ba ta san rana ba. Ni na sani, Pakde ya sani, duk wanda zai zauna a tabarmata ya sani. Ba zan ɗora wa mijina dutse a kwana ɗari tara da casa'in da tara ba don a samu damar kaɗa badujala a Surabaya. Wurin wasan nan ya ci ƙuruciyarsa, ya bar mini shi Lahadi ɗaya a wata. Wannan Lahadin ba zan ba su ba.

Ka ce babu mai jin muryar ƙarfe sai kai. Haka ubanka yake cewa, ya mutu, jirgi bai fasa tashi washegari ba. Girman kai ne, Le, ko da ya sa rigar aiki. Pakde ya riga ya fara cewa ɗansa Sugeng yana nan, hannunsa lafiya lau. In Sugeng ya taɓa dutsen nan kafin kai, a gaban mutanen garin nan, to ka san abin da ka yi mini, kuma ba zan manta ba.

Ibunka

Surabaya
21 ga Agusta, 2003

Ibu, na karɓa. Lissafin Ibu ne daidai, nawa ne kuskure, ina neman gafara.

Ba zan iya ba wani mabuɗin ba. Zan fara zagaye da an idar da asuba, in gama ƙarfe bakwai, in kamo bas na takwas. In hanya ta yi kyau ina Karangnongko kafin la'asar ta yi sanyi. Tunda rana ba ta ƙarewa sai magariba, a jira ni. Rukmini za ta riga ni zuwa ran Juma'a da sukari.

Wiyono

Surabaya
27 ga Agusta, 2003

Zuwa ga Ibu.

Ina sumbatar hannun Ibu, ko da yake ran Lahadi an janye shi. Na iso lafiya. Ina rubutowa ne don abin da ba a bar ni na faɗa ba.

Na fara zagaye a kan lokaci. Har kwana ta biyu komai lafiya. A ta uku na buga wurin da Bapak ya yi wa alama biyu, sai na ji muryar ta mutu, kamar an buga tulu mai tsaga. Na goge giris da tsumma, na kwanta a kan dogo na leƙa ƙasa. Tsaga ce a jikin walda, siririya kamar gashi, tsawon ɗan yatsa. Ran Asabar babu ita.

Na sauko ƙarfe bakwai saura, jakata na tasha a shirye. Da na miƙa mabuɗi da na samu bas ɗina. Na ce ba za a tashi jirgi ba. Manaja ya nuna mini layin mutane, ya kai har wurin ajiye motoci, wasu tun daga Malang suka kwana a hanya. Ya ce rana ɗaya ce ta rage wa ƙarfen a duniya, gobe masu yanka za su zo, me zai same shi a rana ɗaya? Ya ce in ba shi mabuɗin in tafi wurin ubana, shi zai ɗauki nauyi. Ibu, na kusa ba shi. Hannuna ya kai wuya. Pak Jumadi na zaune a kan benci, bai ɗaga kai ba ya ce: "In ka cire shi, Yono, ka ba ni gudumar Marsudi in mayar gida."

Na san in na bar wurin za su nemo mabuɗin ajiya. Sai na zauna a kujerar gaba ta jirgin don kada su tashe shi, na ce a kira mai gwada walda. Ranar hutu ce, bai iso ba sai sha ɗaya da rabi. Ya hau, ya fesa ruwan gwajinsa, tsagar ta fito ja. Manaja ya tambaye shi ko waldar za ta kai yamma in an tashi jirgin. Ya ce wataƙila ta kai, wataƙila ba ta kai ba, shi dai ba zai sa 'yarsa ba. Aka sanar a lasifika. Mutane suka yi ta zagi, wani ya jefe ni da robar ruwa. Naga bai yi zagayen ƙarshe ba, 'yan badujala suka yi wa jirgi a tsaye kiɗa.

Bas na ƙarfe ɗaya na samu. A Ponorogo, da sauran tafiya a gaba, aka kira magariba ina kallon taga.

Da na iso, Ibu ta gan ni a ƙofa ta shige ɗaki. Rukmini ta zuba mini sauran shinkafa mai sanyi, ta ce an hana ta yi mini bayani. Da safe na je maƙabarta ni kaɗai, na ga dutse ya zauna daidai. Ban san hannun wa ya fara taɓa shi ba, ban kuma iya tambayar kowa ba.

An fara yanka dogo jiya. Sunana ba ya cikin waɗanda za a koya wa sabon jirgi, an ce ana dubawa. Ba don a tausaya mini na faɗa ba.

Ɗanki, in har yanzu an yarda,
Wiyono

Karangnongko
3 ga Satumba, 2003

Zuwa ga ɗana Wiyono.

Assalamu alaikum. Le, ina fata kana lafiya kana cin abinci. Rukmini ta ce ka rame, ta kuma faɗe shi tana kallona. Gobe za ta taho, na haɗa mata rogo da naman da na soya na ajiye. Gwiwa ta kumbura, don na yi tsayuwar da ba ta dace da shekaruna ba.

Ka ce ba ka san hannun wa ba. Ba na Sugeng ba ne.

Mun je maƙabarta da hantsi kamar yadda aka sanar. Na ce a jira. Magini ya kwaɓa siminti ya bushe, ya sake kwaɓawa. Liman ya tafi azahar ya dawo, ya tafi la'asar ya dawo. Mutane suka ragu, sai 'yan uwa da masu son ganin yadda za ta ƙare. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai kowa ya juya. Pakde ya zo kusa da ni ya ce, yadda kowa zai ji, wai Marsudi ya jira kwana dubu, yanzu kuma sai ya jira bas? Aka yi dariya. Ya turo Sugeng gaba, har ya naɗe hannun riga. Rana ta kai kan bishiyoyin kwakwa, na ga babu sauran lokaci. Na ce wa Sugeng ya koma baya. Na durƙusa na sa hannuna. Pakde ya ce ba a taɓa yin haka ba a gidanmu. Na ce masa wadda ta ɗauki cikin ɗan fari wata tara tana iya riƙe masa wurinsa na minti ɗaya. Aka ɗora, aka saki tantabaru, aka kira salla.

Da ka iso, raina a ɓace yake, kuma ina jin kunyar mutane. Shi ya sa na shige ɗaki. Wannan ban yi daidai ba. Haka kuma na rubuta maka shafi guda kan akuya da kaji ban rubuta rana da lamba ba, don ina so in gwada ka. Uwa ba ta gwada ɗanta da ranar ubansa. Na faɗa sau ɗaya, kada ka sa ran zan maimaita.

Wasiƙarka na karanta ta sau uku. Har yanzu ban ga hankali a mutum ya biya a juya shi a sama ba, sabon jirgin ma da ƙafafu a waje ya fi tsohon rashin kunya. Amma waɗanda suka tsaya a layin nan 'ya'yan wasu ne, kuma duk sun koma gida sun ci abincin dare suna zaginka. Da ka miƙa mabuɗin ka zo ka sa mini hannun nan a dutsen Marsudi, da na sa an wanke dutsen. In sun ɗauke ka a sabon, ka koya da kyau. In ba su ɗauke ka ba, gona na nan, ba kuma zan ce na faɗa maka ba fiye da sau biyu.

Jiya na tara Pakde da Sugeng da Rukmini na faɗa musu, yanzu kuma ina rubuta maka, don nawa kwana dubun na zuwa kuma ba zan kasance a wurin in tsawata ba. Daga yau a gidan nan, wanda rayukan mutane ke rataye a wuyansa ba a kiransa daga kan aiki saboda mamaci, ko da mamacin ni ce. A jira shi har rana ta faɗi. In bai iso ba, wanda ya fi kusa ya sa hannu da sunansa. In ya iso, ko da yaushe ne, a buɗe masa ƙofa, a ɗumama masa abinci, a zauna a ji ta bakinsa kafin kowa ya yi fushi.

Ibunka, Sumirah